Yadda Na Tashi A Hannun Hukuma, Aka Raba Ni Da Ƙanena

An haife ni a cikin garin Bauchi a shekarar 1992. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Dukku. Ya shigo Bauchi neman na kansa tun yana saurayi, lokacin Gombe ba ta zama jiha ba. Ya fara da dako a kasuwar Muda Lawal, har Allah ya sa ya kafa ɗan teburinsa na kayan miya. Mahaifiyata kuwa marainiya ce tun tana ƙarama, a hannun kawunta ta tashi, shi ya aurar da ita. Ɗaki ɗaya muke haya. Ba mu da komai, amma ban taɓa kwana da yunwa ba Baba yana raye, don ko bai yi ciniki ba zai dawo da ragowar tumatir da tattasai a leda.

A 1999 ya kwanta jinya ta ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa, ya bar Umma da tsohon ciki. Tana cikin takaba ta haifi namiji. Bayan suna abubuwa suka fara canzawa. Ta daina barci. Sai ta kwana zaune da jaririn a ƙirjinta, tana cewa akwai masu zuwa su sace shi. Wani lokaci ta yi ta magana ita kaɗai, wani lokaci ta wuni ba ta ce uffan ba. Maƙwabta suka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, aka kawo mai ruƙiya. Sai da na girma na ji daga bakin ma'aikatan lafiya cewa akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana jin magani idan an je asibiti da wuri. Babu wanda ya san haka a gidanmu. Kuɗin haya ya taru, mai gida ya yi haƙuri iya haƙurinsa, daga ƙarshe aka fitar mana da kaya. Muka kwana a zauren mutane, muka koma rumfunan kasuwa, daga nan sai tasha. Ni ke yawo da kwano ina roƙo mana abinci, ni ke goyon ƙanena idan Umma ta shiga nata halin. Shekarata takwas.

Wata safiya 'yan sanda suka zo tare da wata mata daga ofishin jin daɗin jama'a. Ba su yi mana mugunta ba, gaskiya ɗaya ce. Amma da aka zo karɓar yaron, Umma ta riƙe zanin goyon da hannu biyu, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Aka miƙo mini shi yana tsala ihu, aka sa ta a wata mota daban, aka ce asibiti za a kai ta. Ta leƙo ta taga tana kiran sunana, tana cewa kada in ba shi ruwan sanyi. Rabona da ganin mahaifiyata ke nan.

An kai mu gaban alƙali, aka yi magana da Turanci wadda ban fahimta ba, aka sa hannu a takarda. Daga baya na gane wannan takardar ce ta mayar da mu 'ya'yan hukuma. Da yamma aka kai mu gidan renon yara, wanda mutanen gari ke kira gidan marayu.

Mutane suna zaton duk wanda ke gidan marayu iyayensa sun mutu. Ba haka ba ne. A cikinmu akwai jariran da aka tsinta a kwalbati ko a bola, akwai waɗanda suka ɓace a tasha aka yi cigiya ba a samu kowa ba, akwai waɗanda uwayensu ke gidan yari, akwai irinmu da uwa ke raye amma ba ta da lafiya. Da yawanmu muna da dangi a wani wuri, sai dai babu wanda ya ɗauki ƙafa ya je ya nemo su.

Ba zan yi butulci ba. A gidan nan na fara kwana a kan katifa ni kaɗai, a nan aka yi mini maganin ƙazuwa da makero, a nan aka sa ni makarantar boko da Islamiyya. Ana cin abinci, ko da wani lokacin ƙarshen wata tuwon yakan ragu, miyar ta tsinke. Abin da babu shi ne mutum naka. Masu reno aikin karɓa-karɓa suke yi, wadda ta yi miki wanka da safe ba ita za ta kwantar da ke da dare ba. Kina sabawa da wata sai a ce an yi mata canjin wurin aiki. Mace ɗaya ga jarirai da yawa, albashinta bai taka kara ya karya ba, ita ma ga nata 'ya'yan a gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun ɗakin jarirai. Sabon zuwa zai yi ta kuka, bayan ɗan lokaci sai ya daina, ba don ya samu abin da yake so ba, sai don ya gane kukan ba ya kawo kowa. Za ki shiga ki tarar da su kwance, idanu a buɗe, suna kallon rufi. Shi ya sa da na dawo daga makaranta ko yunifom ba na cirewa, ɗakin nake nufa in ɗauko ƙanena in goya.

Da azumi gidan yakan cika da baƙi. A kawo buhunan shinkafa da taliya da atamfa, a jera mu a ɗauki hoto, a shafa kanmu, a tafi. Allah ya saka musu da alheri, mun ci mun sa. Amma bayan salla sai ƙofa ta koma shiru. Akwai kuma wasu baƙin na daban, mata da miji da ke shigowa a hankali, su wuce ofis, daga nan a zagaya da su ɗakin jarirai. Mu manya mun san abin da ya kawo su, mun kuma san ba mu suke nema ba. Kowa jariri yake so, wanda bai san komai ba, wanda ba zai tuna kowa ba.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da gadon ƙanena an cire zanin, an jingine katifar a bango. Na tambaya, aka ce an kai shi asibiti. Na yi ta jira. Kullum da safe in tambaya, kullum a ce yana samun sauƙi. Wata tsohuwa mai dafa mana abinci, muna ce mata Iya, ita ta kira ni bayan kicin ta ce, "'Yar nan, ki daina tsayuwa a bakin get. Wasu bayin Allah sun ɗauke shi riƙo, yana cikin gata. Ki yi masa addu'a." Na ce ina ne gidan? Ta ce wallahi ba ta sani ba, kuma ko ta sani ba a faɗa.

Na san waɗanda suka ɓoye mini sun ɗauka tausayina suka ji. Amma har yau ina ganin da an zaunar da ni an gaya mini gaskiya, an bar ni na goya shi na ƙarshe, na gaya wa matar cewa ba ya barci sai an riƙe masa kunne, da ciwon bai kai haka ba. Daga lokacin na koma fitsarin kwance, na daina magana a aji. Aka riƙa cewa ina da baƙin rai. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ina shekara goma sha ɗaya wata Hajiya ta zo ta ce tana son yarinya mai ɗan wayo. Ta cike takardu, ta kawo mai tsaya mata, ta yi alkawarin zan ci gaba da karatu. Na yi murna ƙwarai, na ɗauka na samu uwa. Sana'arta masa, kuma duk wanda ya san Bauchi ya san masa ba ƙaramar sana'a ba ce. Tun da yamma zan jiƙa shinkafa, in kai niƙa, a kwaɓa ƙullu ya kwana ya tashi. Kafin kiran assalatu ina gaban tanda ina hura wuta, ina zuba mai a kowane gurbi, hayaƙi yana cin idona. Gari na wayewa in ɗauki tire zuwa tasha. Makaranta ta zama sai ranar da aka ga dama, daga baya aka daina zancenta gaba ɗaya. 'Ya'yanta suna kwana a ɗaki, ni a tabarma kusa da buhunan shinkafa. Idan kuɗin talla bai cika ba, bulala ce, tare da gorin da ya fi bulalar zafi: "Ba laifinki ba ne, 'yar tsintuwa." A tasha kuma akwai mazan da ke sayen masa su ƙi biya sai na bi su bayan mota. Allah ya tsare ni, amma na san 'yan talla sa'o'ina da ba su tsira ba.

A ƙa'ida, jami'in da ya ba da yaro riƙo ya kamata ya riƙa kai ziyara yana duba halin da yake ciki. Tsawon zamana a gidan nan ban ga kowa ba. Shekaru bayan haka na haɗu da matar da fayil ɗina ke hannunta, ta ce mini yara sun yi mata yawa, ba mota, ba kuɗin mota, idan ta je duba wani daga aljihunta ne. Na yarda da ita. Amma yaron da aka miƙa wa baƙo aka juya baya, ba shi da inda zai kai kuka, domin hukumar da ta ba da shi ita ce uwarsa ita ce ubansa.

Wata malamar firamare da ke maƙwabtaka da mu ce ta ga tabon ƙuna a hannuna da shatin bulala a wuyana. Ta je wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai magana ofis, aka zo aka ɗauke ni aka mayar gidan marayu kamar kayan aro da aka gama amfani da su. Ba a tambaye ni abin da ya faru ba. Na ji dai ana cewa an dawo da ni don ba na jin magana.

Malamar nan ba ta tsaya nan ba. Bazawara ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin ofis da kotu har aka ba ta ni. Ita nake kira Inna har gobe. Daren farko ta sayo mini littattafan rubutu, ta zauna da biro ta ce, "Mene ne sunan mahaifinki?" Na faɗa mata, muryata na rawa, don na daɗe ban ji sunan a bakina ba. Ta rubuta shi a bangon kowane littafi, bayan sunana. Ta ce, "Ba zan ce ni na haife ki ba, don Allah ya ce a kira yara da sunan ubanninsu. Kina da uba, kina da asali. Ni mai riƙonki ce, kuma ina neman ladan da Manzon Allah ya yi wa mai riƙon maraya alkawari." Na yi fitsarin kwance a gidanta, ta wanke zanin da asuba ba ta bari kowa ya sani ba. Na ɓoye abinci a ƙarƙashin filo, ta gani, ba ta ce komai ba, sai ta ajiye mini kwano mai murfi a gefen gado ta ce nawa ne, duk lokacin da na so. A hankali na daina.

Da na shiga sakandare, Inna ta ce lokaci ya yi da za mu nemi labarina. Muka je ofis ta roƙa aka fito da fayil ɗina. Na ɗauka zan ga wani abu mai kauri. 'Yan takardu ne da suka yi ja, gara ta ci gefensu. An rubuta sunan ƙauyen Baba ba daidai ba. A ƙasan wata takarda, da jan biro, an rubuta cewa an sallami mahaifiyata daga asibiti a 2002, an damƙa ta ga kawunta. Muka bi sawu har ƙauyen kawun. Muka tarar ta rasu a 2005. Matar kawun ta ce ta samu sauƙi sosai, har tana surfe tana saƙar faifai, kuma ba ta taɓa wuni ba ta ambace mu ba. Sun so su zo nema, amma ba su san ƙofar da za su buga ba, ga tsoron hukuma irin na mutanen ƙauye. Wato lokacin da nake gaban tanda ana kirana 'yar tsintuwa, uwata tana raye, tana cikin hankalinta, tana nemana. Takarda ɗaya ce tsakaninmu, tana kwance a cikin kabad. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwata, wannan kam har yanzu ina roƙon Allah ya sanyaya mini shi.

Game da ƙanena kuwa, aka ce ba a bayyana inda aka kai yaro. Inna ba ta yi gardama ba. Ta rubuta wasiƙa da hannunta, ta sa sunana da kwatancen gidanta, ta roƙa a liƙa a cikin nasa fayil ɗin, ko wata rana zai zo nema. Da ta sayi waya ta koma ta ƙara lambarta.

Lokacin neman gurbin kwalejin ilimi wata matsalar ta taso, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ba a ba da ita sai mai unguwa ko dagaci ya shaida ya san mahaifinki, hakimi ya sa hannu. An haife ni a Bauchi, amma asalin Baba ya koma wata jiha tun da aka ƙirƙiri Gombe a 1996. Haka muka kama hanya, ta Alkaleri zuwa Gombe, daga nan Dukku, muna tambaya ƙauye-ƙauye har Allah ya haɗa mu da ƙanen Baba. Yana ganina ya fashe da kuka, ya ce goshin yayansa ne. Shi ya tsaya mini na samu takarda, shi ya zama waliyyina ranar aurena. Kafin auren akwai wanda ya fara nemana, har an sa ranar kawo kuɗin gaisuwa, iyayensa suka ji inda na tashi suka ce ba sa haɗa iri da marar asali. Ni da nake da baffa a raye ke nan. To ina ga waɗanda muka tashi tare, da aka tsince su cikin tsumma, sunan uban da ke takardunsu ma wani ma'aikaci ne ya zaɓa musu? Shari'a ta ba su mafita, shugaba ko alƙali shi ne waliyyin wadda ba ta da waliyyi, amma bakin mutane ba ya bin shari'a. Mazan cikinsu kuwa, da sun kai shekara goma sha takwas sai a fara neman yadda za su tashi. Wasu sun samu mai koya musu sana'a, wasu na gan su suna kwana a gareji.

A 2019 wayar Inna ta yi ƙara, wani saurayi ya ce daga Gombe yake, ya ga wasiƙa a cikin fayil. Mutanen da suka ɗauke shi sun riƙe shi da gaskiya. Ba su taɓa haihuwa ba, suka zuba masa duk son da suke da shi, suka yi masa karatu. Sai dai sun laƙaba masa sunan mai gidan a matsayin uba, suka sauya unguwa, suka rufe zancen. Da mutumin ya rasu aka zauna rabon gado, a gaban malamai da dangi, wani ɗan'uwan mamacin ya ce, "Wannan ai ba ya cikin magada, ɗan riƙo ne." A wurin ya fara jin labarin kansa, yana ɗan shekara ashirin. Hukuncin daidai ne, ɗan riƙo ba ya gado. Amma addinin da ya hana shi gado ya buɗe ƙofar kyauta tun mutum yana raye, ya buɗe ta wasiyya har zuwa sulusin dukiya. Da marigayin bai ji tsoron tona asirin ba, da ya bi ɗaya daga cikinsu. Ɓoyewar da aka yi don a kare yaron ita ta bar shi ba gado, ba wasiyya, ba sanin ko shi wane ne.

Ranar da ya zo, na tsaya a zaure ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Tafiyar Baba, tsayin Baba. Ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Hajiya." Ni na san shi tun yana jinjiri, shi kuwa baƙuwa yake gani. Ba a yi rungume-rungumen da na daɗe ina mafarki ba. Muka zauna a tabarma, na ba shi labarin Umma, na gaya masa yadda ta riƙe zanin goyonsa, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. An ɗauki lokaci muna waya kafin wata rana ya ce mini Yaya. Yana fushi da matar da ta raine shi, ya daina zuwa gaishe ta. Na ce masa ya koma. Ta yi kuskure, amma ita ta kwana a kansa yana zazzaɓi, kuma tsoron rasa shi ne ya rufe mata baki. Ya koma, yanzu yana zaune da ita, shi ke ɗauke da ita.

Tarayyar Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003, wadda ta ce a duk abin da za a yanke game da yaro, maslaharsa ce gaba da komai, ta kuma tsara yadda kotu za ta ba da riƙo da yadda za a bi sawu. Sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin jihohinmu na Bauchi da Gombe su yi tasu. Na yi farin ciki da aka yi. Abin da nake roƙo dai bai wuce abin da ya faru da ni ba: kafin a miƙa yaro ga baƙo a nemi danginsa da gaske, kada a raba 'yan uwa ciki ɗaya, idan dole ta sa an raba su a bar musu hanyar ganin juna, a ba jami'an kuɗin motar da za su je su ga yaron da idonsu, su kuma keɓe da shi su tambaye shi ba a gaban mai riƙonsa ba.

Yanzu ina koyarwa a makarantar firamare, ina da 'ya'ya uku, Inna ta tsufa tana ɗakin da ke kusa da nawa. Nakan je gidan marayu bayan salla, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa, in zauna da manyan yaran in rubuta musu duk abin da suka tuna game da gidajensu, sunan kasuwa, sunan kaka, ko masallacin da ke kusa, tun kafin su manta.

Ƙanena yana shirin aure, Baffa ne zai karɓar masa. Saura maganar suna. Duk takardunsa, daga na firamare har katin ɗan ƙasa, da sunan marigayin da ya riƙe shi suke. In zai koma sunan Baba sai ya yi rantsuwa a kotu, ya buga a jarida, ya bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya. Malamai sun gaya masa abin da ya dace, ya kuma ji. Ya ce mini yana so ya fara zama da tsohuwar ya yi mata bayani da bakinsa, kada ta ji a wurin wani. Na ce masa duk ranar da ya shirya ya kira ni, mu je Gombe tare.